Labarin da Yaya ta Rubuta a Bayan Takardun Jarrabawa

Ni dillalin tsofaffin takardu ne. Da buhu ɗaya na fara, ina bin makarantu da ofisoshi ina sayen abin da suka gama da shi, in kai wa masu ƙosai da masu tsire da masu gyaɗa su yi ƙunshi. Daga baya na haɗa da tsofaffin littattafai, har Allah ya ba ni shago da sito a kusa da Ƙofar Nassarawa. Makaranta kuwa a aji shida na firamare na tsaya. Na iya karatu, na iya rubutu, amma har na yi furfura ban taɓa zama na karanta littafi daga farko zuwa ƙarshe ba. Na san nauyinsa a hannu, na san wanda zai fita da wanda zai shekara a kan kanta, iyakar sanina ke nan.

A sana'armu akwai ƙa'ida ɗaya da ba a wasa da ita: takardar da ke ɗauke da rubutun Arabiyya ba a ƙunshi da ita, don ba ka san inda sunan Allah yake ba. Duk kayan da suka shigo sai na zauna na bi su da babban yatsa, in ware masu Arabiyya in ƙona su a wuri mai tsabta, in binne tokar. Waɗanda na duba sai in ɗaure su da shuɗiyar igiya, ƙulli biyu a gefe. Masu saye a wurina sun san wannan ɗaurin. In suka gan shi ba sa tambaya.

Yayata ita ce mai karatun gidanmu. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ita ce babba, ni ne auta, shekara tara tsakaninmu. Turanci ta koyar har ta yi ritaya. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu na gado a wani lungu na Ƙofar Na'isa, ta zauna a ɗakin mahaifiyarmu. 'Yarta guda tana aure a Kaduna. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci can nake zarcewa, in riƙe mata gurasa, ita kuma ta dama min fura. Sai mu zauna a tsakar gida, ita a kujerar roba, ni a tabarma, duk da na girme wa zaman tabarma.

Akwai wata marubuciya 'yar Ingila da Yaya take so tun tana budurwa, wadda ta mutu tun kafin Turawa su san hanyar Kano. Duk sanda littafinta ya faɗo a cikin kaya sai in ware in kai mata, ko da tana da irinsa. Takan ce, "Auta, mutanen nan da kake gani, mu ne. Gado, aure, da abin da maƙwabta za su ce. Sanyi kawai suka fi mu."

Wata rana na kai mata wani jibgegen littafi da ba shi da bango. Ashe tarihin rayuwar matar ne. Yaya ta yi wata guda a kansa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne bayan matar ta mutu danginta sun lalata takardunta da yawa, suka bar wa duniya abin da suka ga dama.

Ta ce min, "Ka ga, akwai ranar da suka zauna a kan akwatin nan suka yanke shawara. Ba wanda ya rubuta abin da aka faɗa a ɗakin. Ni zan rubuta."

Na ce, "Kina wurin?"

"Ba na wurin."

"To ƙarya za ki yi ke nan, Hajiya guda."

"Ƙagawa ake cewa, jahili. Inda masu tarihi suka yi shiru nan zan shiga." Ta gyara tabarau ta dube ni. "In na mutu aka miƙa maka takarduna, me za ka yi da su?"

Na ce, "In ɗora a sikeli."

Ta yi dariya har sai da ta yi tari. "Na sani ai. Shi ya sa zan sa ka a ciki."

Ta kuwa sa ni. Ta ƙaga wa marubuciyar wani ƙane da babu shi a tarihi, ɗan kasuwa mai sayar da ulu, wanda bai damu da karatu ba, kuma komai ya gani sai ya yi masa kuɗi a zuciyarsa. A labarin nata, da marubuciyar ta mutu sai akwatin takardunta ya faɗa hannun wannan ƙanen. Babbar yayarsu tana so a ƙona don kada a tona asirin gida. Wani attajiri daga Landan yana so ya saya. Shi kuma ƙanen yana tsakiya da makulli a aljihu.

Da Hausa take rubutawa. Kowace Juma'a takan ba ni abin da ya faru da baki, ba ta taɓa nuna min takarda ba. Ta san yadda za ta tsaya a inda zai dame ni. In ce, "To ya sayar?" Ta ce, "Sha furarka." In ce, "Nawa Bature ya taya?" Ta ce, "Ka ji ko? Shi ma abin da ya fara tambaya ke nan." Wani lokaci in yi gardama, in ce ɗan kasuwa na gaskiya ba zai amsa tayin farko ba, sai ya bar mutumin ya kwana biyu a masauki tukuna. Sai ta ce, "Wannan kam ka fi ni sani." Juma'a mai zuwa sai in ji Baturen Landan ya kwana biyu a masauki yana cizon yatsa.

Mun fi shekara uku a haka. Ba zan ɓoye ba, tun ina ɗaukar abin wasa har ya zama ina kwana da shi a rai. Ba makomar takardun Baturiya ce ta dame ni ba. So nake in san abin da Yaya ta yanke a kaina. Ita ta goya ni, ita ta yi kuka ranar da na bar makaranta, kuma duk arziƙin da na yi ba ta taɓa ce min na yi daidai ko na yi kuskure ba. Na san amsar tana ƙarshen labarin nan.

Tun a farko na saya mata manyan littattafan rubutu guda uku masu bango mai ƙarfi, irin waɗanda ofisoshi ke amfani da su, na ce ta rubuta a ciki. Ta karɓa ta shafa bangon ta yi godiya. Ban da su kuma, lokaci lokaci takan ce in kawo mata ɗaurin tsofaffin takardu, na kunna gawayi da na ƙulle ƙulle. Nakan ɗauko mata na jarrabawar ɗalibai, waɗanda gefe ɗaya kawai aka rubuta, da shuɗiyar igiyata a jiki. Ban taɓa tambayar yadda mace ɗaya take cinye takarda haka ba.

Wata Juma'a ina shiga soro ta ɗaga murya daga ciki, "Auta, na gama!"

Na ce, "Alhamdu lillahi. Ya sayar?"

"Ka zauna tukuna mana. Yau ba zan faɗa maka ba. Wannan ba na baki ba ne, karanta maka zan yi. Juma'a mai zuwa ka zo da kunnuwanka, ka bar wayar nan taka a mota."

Ban je ba. Ranar Alhamis aka kira ni cewa akwai kaya masu yawa a Zariya, in ban je ba wani zai ɗauke. Na buga mata waya na ba ta haƙuri. Ta ce, "Je ka, ɗan ulu. Ina nan." Na samo kayan, kuma sun yi kyau. Ranar Talata da hantsi maƙwabciyarta ta same ta a kan sallaya, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar arba'in muka buɗe ɗakin, ni da 'yarta. Ita tana ta kayan sawa da kwanuka, ni kuwa abu ɗaya nake nema. A ƙasan akwatin ƙarfe na samu littattafan nan uku a naɗe cikin ɗankwali. Na buɗe na farko, babu komai. Na biyu, babu komai. Na uku ma haka, ko ɗigon biro babu. Na zauna a bakin gado. Na ce a raina, ashe a ka take riƙe da shi, ta tafi da abinta. Ban ce wa 'yarta komai ba, don ta sha kuka ya ishe ta.

A ƙarƙashin gado akwai ɗauri biyu na takardun jarrabawa. Shuɗiyar igiya, ƙulli biyu a gefe. Ina ganinsu na gane kayana. 'Yar ta ce, "Kawu, waɗannan fa?" Na ce, "Nawa ne, ragowar na kunna wuta." Na jefa su a bayan mota. Ban kwance ba, ban duba ba. Me zan duba? Ɗaurina ne, kuma ɗaurina yana nufin an riga an duba. Ban yi tunanin mace mai kallon hannuna shekara da shekaru ta iya ƙullina ba.

Washegari na sauke su wurin wata dattijuwa mai ƙosai a Ƙofar Ɗan Agundi. Tun ina yawo da buhu take saye a wurina, Iya nake ce mata.

Kwana tara bayan haka na bi ta wurin da safe. Tana hango ni ta ɗaga matsamin ƙosai tana kirana.

"Alhaji! Zo nan. Tsufa ne ya kama ka ko son kuɗi?"

"Iya, me na yi?"

"Me ka yi? Shekara nawa muna tare ba ka taɓa kawo min sunan Allah in ƙunsa ƙosai ba, sai yanzu da ka yi tumbi? Ta farko na ce kuskure ne, na ajiye. Ta biyu na ajiye. Yau ga ta huɗu. Ni ban yi boko ba, amma na san Bisimilla in na gan ta."

Ta ɗaga wani faranti ta zaro takardu huɗu ta miƙo min. A fuskarsu amsoshin lissafi ne na 'yan makaranta. Na juya. Bisimilla ce da Arabiyya a sama, a ƙarƙashinta kuma rubutun boko ƙanana a jere, masu karkata dama. Da wannan rubutun aka sa hannu a takardar sakamakona ta firamare, don mahaifinmu bai iya boko ba.

Na zauna a kan bencin masu saye. Iya ta sauke murya. "Lafiya, Alhaji?"

"Ina sauran?"

Ta nuna ƙarƙashin tebur. Ɗauri ɗaya yana nan ba a kwance ba. Ɗayan kuwa saura bai kai rabi ba.

Daga baya na gane yadda abin yake. Yaya takan rubuta a bayan takarda, in ta cika sai ta kifa ta a kan 'yar'uwarta, fuskar ɗalibai a sama. Saboda haka abin da ta rubuta a ƙarshe shi ne a saman ɗauri na biyu, kuma shi Iya ta fara kwancewa. Daga ƙarshen labarin ta fara ƙunshi tana yin baya. Babi uku na ƙarshe sun tafi, in ban da shafin farko na kowanne, da Bisimilla ta cece su, sai kuma shafi na ƙarshe, wanda Yaya ta rufe da hamdala da Arabiyya.

Na ce, "Iya, su wa suka sayi ƙosai a kwana taran nan?"

"Kai Alhaji! Rabin unguwa. In ce wa?"

Amma ta taimake ni. Duk wanda ya zo saye sai ta ce masa in akwai takardar jiya ko ta shekaranjiya a gida ya kawo, Alhaji yana nema. Ni kuma na naɗe babbar riga na bi lunguna da sanda ina tona bola da bakin kwata. Mutane suna gaishe ni suna kallon juna. Wani abokin kasuwanci ya tsayar da babur ya ce, "Alhaji, kasuwar ce ta kai haka?" Na ce masa eh, don ba ni da lokacin bayani.

Na samu 'yan kaɗan. Mai ya ratsa su har sun zama kamar gilashi, rubutun yara na gaba ya hau kan na Yaya na baya, sai ka ɗaga a rana ka rufe ido ɗaya kafin ka tsinci kalma. A wata na ga ƙanen yana tafiya da akwati a keken doki. Ina za shi, ban sani ba. A wata kuma babbar yayar tana hura wuta. Akuya ta cinye rabin wata.

Iya ta ce akwai wani tela a bakin titi da ba ya yar da takarda sai ya karanta. Na same shi a kan keken ɗinki. Ya ce, "Ƙwarai, Alhaji, na karanta. Kwana uku ina samun labarin Turawa da Hausa, har na ce wa Iya ta riƙa ba ni ƙosai a takarda biyu."

"Mutumin ya sayar da akwatin?"

Ya tsayar da keken yana tunani. "Akwai wuta dai a ciki. Akwai kuma ruwan sama."

"Malam, ya sayar ko bai sayar ba?"

"Wallahi ba zan yi maka ƙarya ba. Ni ba a jere nake samunsu ba. Na dai san wani wuri ya sa na ajiye ƙosan sai da ya huce."

"Ina takardun?"

Ya nuna min kaskon gawayin da yake zuba wa dutsen guga. Na yi masa godiya na tafi.

Da yamma na buga wa 'yar Yaya waya na faɗa mata duk abin da na yi, ban rage komai ba. Ta ce, "Kawu, ai da ka tambaye ni. Ta ce littattafan da ka saya mata sun yi kyau da yawa, ba za ta ɓata su da goge goge ba. Sai ta gama, ta karanta maka, ka gyara mata wuraren ciniki, sannan ta kwafe a ciki da hannu mai kyau." Ba ta zarge ni ba. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Shafin ƙarshe na bar shi a aljihun gaba kwana biyu ban karanta ba. Ina tsoron ya faɗa min, ina kuma tsoron kada ya faɗa. Ranar Juma'a bayan masallaci na je gidan, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida kusa da kujerar roba, na bar waya a mota, na buɗe. Layi huɗu ne kawai a saman takardar. Maganar akwati ta riga ta wuce a shafin da ke gabansa, wanda ba ni da shi. Abin da ya rage shi ne wannan:

"Ƙanen ya daɗe a duniya bayanta. Mutane sun yi ta zuwa suna tambayar dangi yadda aka yi ta zama abin da ta zama, kowa yana faɗin nasa. Shi ba a tambaye shi ba, don an san bai karanta littattafanta ba. Ba wanda ya tuna cewa duk takardar da ta yi rubutu a kai shi ya kawo mata."

Sai hamdala.

Na karanta ya fi sau goma. Bai ce ya sayar ba, bai ce ya ƙona ba, bai ce ya ajiye ba. Na daɗe a zaune har inuwar katanga ta iso kaina.

Littattafan nan uku na ɗauko su. Kullum bayan la'asar, in kasuwa ta lafa, nakan zauna a cikin sito in kwafi shafi ɗaya ko biyu da hannuna. Rubutuna ba shi da kyau, kuma a hankali nake yi, ya ɗauke ni fiye da shekara. A nan na ga abubuwan da ba ta faɗa min da baki ba. Ta ba ɗan ulun nan yadda nake sosa ƙeya in zan ƙi tayi. Ta ba shi ranar da na sayar da kekena na biya mata kuɗin jarrabawa, abin da na ɗauka ta manta, sai dai a can doki ne. Wuri biyu na ga ta yi kuskure a harkar ciniki, na kai biro zan gyara, sai na bar su yadda suke.

Inda babi ukun suka ɓata na rubuta shafin farko na kowanne, na liƙa guntayen da na tsinto a inda nake zaton nan ne wurinsu, na bar sauran fari. Wani malamin jami'a da ke sayen littattafai a wurina ya karanta, ya ce abu ne mai kyau, ya kamata a buga, kuma zai iya cike gurbin yadda ba mai ganewa. Na ce a buga, amma a bar gurbin. Ya ce masu karatu ba za su so littafin da ba a san ƙarshensa ba. Na ce na fi su son sani, kuma ba a wurinsa nake son ji ba. Har yanzu muna kan maganar.

Na daina ɗauri da shuɗiyar igiya. Duk abin da ya shigo sito, ko daga hannuna ya fita jiya, sai an kwance an juya kowace takarda. Aikin ya ninka, masu jiran kaya suna ƙorafi.

Shekara huɗu ke nan. Na san takardar ƙosai ba ta kwana biyu a garin nan, na fi kowa sani. Duk da haka ranar Juma'a da safe nakan bi ta Ƙofar Ɗan Agundi. Iya ta tsufa, 'yarta ce ke suya yanzu, ita tana gefe tana ƙunshi. In ta gan ni sai ta ce, "Alhaji, ba a kawo komai ba." In ce, "Na sani, Iya, ƙosai na zo saye." Ta ƙunsa min, in koma mota, in juye ƙosan a murfin kwano, in juya takardar.